An Ƙirga Bindigogi, An Manta da Kube

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya tashi daga Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi ya nufi Katsina, musamman a ranar kasuwa, ba zai daɗe ba sai ya ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura. Babur ne zai wuce ɗauke da mutum biyu. Na gaba yana fama da hanya, na baya ya gicciya doguwar bindiga a kan cinyarsa, bakinta yana kallon gefen titi, wato yana bi ta kan mai tallar gyaɗa da ɗan makaranta da tsohon da ke jiran mota, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rataya tasa da tsumman atamfa da aka tufka, wani da robar tsohuwar tayar babur. Jefi-jefi kuma akan ga wanda rigarsa ta ɗan tasa a ƙugu, ya soke ƙaramar bindiga a bakin wando kamar wanda ya soke tocila.

Galibin waɗannan mutane su ne ke kwana a waje domin wasu su samu su kwana a ɗaki: 'yan sintiri, mafarauta, jami'an tsaron al'umma, da ma'aikatan tsaro masu fararen kaya. Ba a raina hidimarsu ba, kuma duk mutumin Wurma ko Birchi ko Makera da ya taɓa jin ƙarar babura da tsakar dare ya san abin da tsayuwarsu take nufi. Sai dai girman hidimar bai sa yadda ake ɗaukar makamin ya zama daidai ba. Shekaru ke nan ana ta muhawara a Jihar Katsina kan ko ya dace talaka ya riƙe bindiga, masu cewa e suna yi, masu cewa a'a suna yi, alhali bindigar ta riga ta shiga gari, ta hau babur, ta kwana a zaure. Tambayar da ta rage, wadda kowa ke tsallakewa domin ba ta da armashi a dandalin siyasa, ita ce: a cikin me aka sa ta, da me aka rataye ta, kuma ina bakinta yake kallo?

Hanyar da aka bi aka iso nan sananniya ce. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili ya ce mutanen yankunan da ake kai wa hari su nemi makami su kare kansu, ya kuma maimaita maganar a ƙarshen shekarar. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A farkon Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu a cikin gari, kuma a cikin watan ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da matasa sama da 1,400. A kowane mataki abin da jama'a ke ji shi ne lissafi: mutum nawa aka ɗauka, babur nawa, Hilux nawa, mota mai sulke nawa. Lissafin yana da amfaninsa. Amma da wuya a ji wani ɗan majalisa ko ɗan jarida ko mai sharhi a rediyo ya tambayi irin maratayin da ke jikin bindigogin, ko inda ake ajiye su idan an sauka daga aiki, ko wanda ke duba cewa an cire harsashi kafin a shiga cikin mutane.

Abin takaicin shi ne, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana yaƙi da takobi da mashi da kibiya ta san cewa rabin aikin makami yana ga maƙeri, rabi yana ga baduku. Takobi ba ya fita daga maƙera ya hau kafaɗar barde sai ya biya ta hannun wanda zai auna shi ya ɗinka masa kube mai tauri daidai tsawonsa da fāɗinsa, a sa masa hamila mai ƙwari da za ta riƙe shi ko doki yana sukuwa. Kibiya mai dafi tana zama a cikin kwari, tsininta a ƙasa. Wuƙar damtse tana da kube mai zobe da ke kama hannu, ta yadda mai ita zai yi kokawa ba ta faɗi ba. Wanda ya shiga taro da takobi tsirara, ko bai ce uffan ba, ya riga ya yi magana, kuma dattawa sun san amsar da za su ba shi. Addini ma bai bar wurin a buɗe ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. A Abu Dawuda da Tirmizi an ruwaito hani ga miƙa wa juna takobi a zare. Malaman da suka yi ta kawo hujjar halaccin kare kai a 'yan shekarun nan sun yi daidai da suka kawo ta, amma waɗannan hadisai ma a cikin littattafan suke, kuma sun fi kusa da abin da ke faruwa kullum a bakin kasuwar Dutsin-Ma.

Da bindiga ta maye gurbin takobi, sai aka ɗauki ƙarfen aka bar ladabinsa.

Abin da doka ta ce, da wanda maganar ta shafa

Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta wa kowa sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu ne bindigogin yaƙi irin su AK-47 suke, haka ma libarba da fistol. Akwai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke iya ba da lasisinsu, kamar bindigar farauta mai cin harsashin ƙwarya-ƙwarya. Sai na uku, bindigogin ɗuri irin su adaka, waɗanda lasisinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tayar da hankali a shekaru biyar da suka wuce. Ta kuma ɗora wa mai lasisi alhakin tsare makamin, da sanar da hukuma idan ya ɓace ko aka sace. A Agustan 2023 ma hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin ƙananan makamai.

Ma'anar wannan a fili take. Farar hula da ya soke fistol a ƙugu ba tare da izini ba, matsalarsa ta wuce ta kube, domin mafi kyawun kube a duniya ba zai wanke shi a gaban alƙali ba. Maganar kuben ƙaramar bindiga ta shafi waɗanda aikinsu ya ba su ita ne: ɗan sanda, jami'in Sibil Difens, jami'in farin kaya, mai tsaron wani babba. Maganar maratayi da ajiya kuwa ta shafi kowa da kowa, tun daga ɗan sintiri har maharbin da ya gāji adaka daga kakansa.

Aikin da ake nema daga kube

Aiki na farko, wanda idan babu shi sauran duk ado ne, shi ne kube ya rufe kunamar bindiga ruf, daga gefe biyu, da abu mai tauri da yatsa ko reshe ko igiyar wando ba za su iya lotsa shi ba. Fistol da yawa na zamani, irin su Glock, ba su da wani makulli na waje da ake murɗawa. An gina su ne a kan cewa ba za su tashi ba sai an ja kunama, kuma bindiga ba ta bambance yatsan mai ita da ƙayar sarƙaƙiya ko gefen riga da ya naɗe. Duk abin da ya shiga zoben nan ya ja, ta amsa. A Nuwambar 2008 wani shahararren ɗan ƙwallon Amurka mai suna Plaxico Burress ya shiga gidan rawa a birnin New York da Glock soke a ƙugunsa ba kube. Bindigar ta zame ta nufi ƙafar wando, ya kai hannu ya cafke ta, yatsansa ya faɗa kan kunama, ya harbi cinyarsa. Bayan ya warke kuma aka yanke masa ɗaurin shekara biyu saboda riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba. Wannan a kan daɓen siminti ne, cikin gari, ba gudu ba tsalle. Sai a kwatanta da wanda zai hau duwatsun da ke kewaye da Dutsin-Ma, ko ya ratsa gonar dawa da damina, ko babur ya kayar da shi a cikin yashin rafi.

Aiki na biyu shi ne riƙo. Kube nagari yana kama bindigar ko an kife shi, kuma hanyar gane haka mai sauƙi ce: a cire harsashi gaba ɗaya, a duba a sake dubawa, a sa bindigar a ciki, a juya kuben bakinsa ƙasa a kan katifa a girgiza. Idan ta faɗo, to za ta faɗo a daji. Amma riƙo yana da fuska ta biyu, wato hana wani fizge ta. Bill Rogers, tsohon jami'in FBI da ya shiga sana'ar ƙera kube a shekarun 1970, shi ne ya fito da gwajin da kamfanin Safariland ya gina matakan riƙonsa a kai: a bar wani ya kama bindigar tana cikin kube ya ja ta da iya ƙarfinsa ta kowace fuska na sakan biyar, idan ba ta fito ba kuma mai ita yana iya zare ta bayan haka, kuben ya ci mataki na farko. Kowane ƙarin makulli da sai an buɗe shi da babban yatsa yana ƙara mataki. Wannan ne ya sa 'yan sandan sintiri a ƙasashe da yawa ke ɗaura kube mai makulli biyu ko uku, domin sun koyi darasi daga abokan aikinsu da aka kashe da bindigoginsu a cikin kokawa. Jami'in da ke kutsawa cikin cunkoson kara ranar kasuwa da fistol a cikin buɗaɗɗiyar jaka ta yadi, kowane hannu da ya gifta ta gefensa ya fi kusa da ita fiye da yadda yake zato.

Na uku, bakin kube ya tsaya a buɗe bayan an zare bindigar. Lokacin mayar da ita yana cikin lokutan da aka fi harbin kai, domin mutum ya gaji, hankalinsa ya rabu, idan kuma bakin kuben ya rufe sai ya sa hannun hagu ya buɗe shi, bakin bindiga ya bi ta kan yatsunsa, ko ya riƙa cusa ta yana karkata ta wajen cikinsa. A nan ne kuben yadi mai laushi da ake sayarwa da sunan yana shiga kowace irin bindiga yake cin amanar mai shi. Abin da aka ɗinka don kowa ba a auna shi da kowa ba. Tsohuwar fata da ta yi laushi ma haka take, gefenta yakan lanƙwashe ya shiga zoben kunama, mai ita yana tura bindiga ƙasa fatar tana jan kunama sama.

Sai ɗamara. Kube mai kyau a kan siririn bel na ado kamar sirdi mai tsada ne da rubabben majayi. Turawan mulkin mallaka sun bar wa jami'an ƙasar nan wani bel mai igiya da ke gicciye ƙirji, wanda har yau ake gani a jikin manyan jami'ai ranar faretin girmamawa. Sunansa Sam Browne, sunan wani hafsan sojan Ingila da ya rasa hannunsa na hagu a yaƙi a Indiya a 1858. Da ya rasa hannun da zai riƙe kube yayin zare takobi, sai ya ƙirƙiro igiyar kafaɗa da za ta tsayar da kuben wuri ɗaya ta kuma raba nauyin. Bahaushe da ya san hamila ba zai ga wani abin mamaki a nan ba. Mamakin yana ga yadda bel ɗin ya zama kayan kwalliyar fareti, alhali wanda ke shiga daji da gaske yana ɗaure da igiyar leda.

Dajin wannan yanki yana da nasa sharuɗɗan, kuma kasidun kamfanonin waje ba su san su ba. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma kuben da makullinsa ya dogara da ƙaramin maɓalli mai sifirin yana iya cijewa idan tsakuwa ta shiga bayansa. Akwai ma wani samfuri da ake danna maɓallinsa da manuniya daidai saitin kunama, wanda cibiyoyin horo da dama a Amurka suka hana amfani da shi saboda yatsan kan zarce ya faɗa inda bai kamata ba. Da bazara gumi yana jiƙa fata ya sa ƙarfe tsatsa, robar Kydex da ake gasawa a siffanta ta da jikin bindiga kuwa, duk da ba ta shan ruwa, tana iya lanƙwashewa idan aka bar ta a rufaffiyar mota cikin ranar Afrilu. Da damina ciyawa da sabara da geza suna kama duk abin da ke reto, saboda haka kuben cinya da matasa ke sha'awa don sun gan shi a fim ya fi kowanne saurin maƙalewa, ga shi yana bugun tankin babur. Ga mai yini a kan babur ko mai goya jaka, kuben da ke manne a ƙugu ta gefe ko a ƙirji, mai marfi ko maɗauri, ya fi dacewa, tare da igiyar da ke haɗa gindin bindigar da ɗamara, irin wadda sojojin dawaki suka riƙa amfani da ita don kada makami ya faɗi a bar shi a baya.

Doguwar bindiga da babur

Amma gaskiyar magana, fistol kaɗan ne a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma idan aka kwatanta da dogayen bindigogi, kuma a nan ne sakacin ya fi yawa. Maratayi shi ne kuben doguwar bindiga. Ana bukatar ya zama mai fāɗi, mai ƙarfi, a ɗaure shi a wurare biyu da ƙarfe ko ɗinki, ta yadda bindigar za ta kwanta a baya ko a ƙirji bakinta yana kallon sama ko ƙasa, hannuwa biyu kuma su samu 'yanci. Wanda ya gicciya ta a cinya ya mayar da duk mai tafiya a gefen titi abin saiti, ko ya nufa ko bai nufa ba.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba game da bindigar farauta mai ɗurin ja-da-baya, wadda 'yan sintiri ke ji da ita. A yawancin irinta makullin yana tare kunama ne kawai, bai hana abin da ke ciki motsi ba idan ta sha bugu mai ƙarfi. Saboda haka ne masu koyar da ita ke cewa a ɗauke ta da harsasai a cikin ma'ajinta amma babu ko ɗaya a ɗane, sai lokacin bukata. Ƙirar gida kuwa, wadda maƙeri ya haɗa da bututu da sifirin, galibi ba ta da makulli ko kaɗan, kuma ba wanda ya taɓa gwada irin bugun da za ta jure. Adaka tana da tata matsalar: idan an ɗura mata albarushi ba a iya zazzage shi cikin sauƙi, sai ta kwana a ɗure, a jingine a kusurwar ɗaki ko a bayan ƙyaure, a gidan da yara ke wasan ɓuya. Tsofaffin maharba sun san a cire abin da ke tayar da wutar a kwantar da kunama har sai an ga nama, kuma sun san a rataye ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Matashin da ya karɓi bindiga shekaran jiya saboda an kai wa ƙauyensu hari bai zauna a gaban kowane sarkin baka ya koyi wannan ba.

Masu adawa da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba dukansu ne na banza ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ta sauri: wanda aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar Safana ba shi da lokacin buɗe marfi ko ɗana harsashi. Gaskiya ne daji ba ya jira. Amma wannan hujja tana aiki ne a inda ake tsammanin hari, kuma shugaban tawaga ne ya kamata ya ce daga nan a ɗana, daga nan a sauke. Ba ta aiki a tashar mota, ko a ƙofar asibiti, ko a layin mai shayi. Sakan ɗaya da ake tsoron rasawa kuma horo ne ke dawo da shi, domin wanda ya maimaita zare makaminsa sau ɗari, babu harsashi, ya fi wanda bindigarsa ke reto a tsumma sauri. Idan babur ya faɗi a yashi, mai maratayi yana tashi da makaminsa a jikinsa, ɗayan kuwa yana lalube a cikin duhu.

Hujja ta biyu ita ce talauci, kuma ita ce mafi rauni. Mutumin da ya iya haɗa kuɗin bindiga da harsashi, ko unguwar da ta yi karo-karo ta saya masa, ba za a ce kuɗin fata ya gagare su ba. A duba jikin ɗan sintirin da ya rataya bindigarsa da roba: sau da yawa ƙugunsa cike yake da guru, damtsensa da kambu, wuyansa da layu, kowanne an ɗinke shi tsaf da jar fata, ɗinkin da baduku ya ɓata yini a kansa. Ashe ana zuwa wurin baduku, kuma ana biyansa. Abin da ake kai masa ne ya nuna abin da aka ɗauka da muhimmanci.

Akwai kuma masu ganin cewa duk wanda ya yi maganar yadda za a ɗauki bindiga ya amince ke nan da yaɗuwarta. Wannan tsabtar hannu ce ta wanda ke zaune nesa. Ana iya ƙin yaɗuwar makamai, a yi kira a karɓe su idan zaman lafiya ya samu, kuma a lokaci guda a nemi cewa waɗanda ke hannun mutane yau kada su kashe mai tallar gyaɗa. Hasali ma riƙon sakainar kashi yana cikin hanyoyin da makami ke sauya hannu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce ya zuwa Disambar 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a ga bayaninsu ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara alƙaluman, kuma ba wanda zai ce rashin maratayi ne ya ɓatar da su duka. Amma rahoton ya nuna abin da ke faruwa ko a hukumar da ke da rumbun makamai da rajista da mai kula da su. Ƙungiyar sintiri da ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun fa? Kowace bindiga da ta suɓuce a wurin gudu ko aka fizge a cunkoso, an san dajin da take nufa.

Hujja ta ƙarshe ba a faɗinta sai bayan an yi jana'iza: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, bindiga ce ta tashi. Wannan lafazi, bindiga ta tashi, ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana ɗauke laifi daga mutum ya ɗora wa ƙarfe. Jami'an tsaro ma suna da irinsa da suke fakewa da shi a shingayen hanya, harbin kuskure. Imani da ƙaddara bai taɓa hana a tambayi wanda ya bar rijiya a buɗe ba, kuma shari'ar Musulunci da kanta ta sa diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wato ta ɗauke shi abin da ke da mai shi. Idan aka bi diddigin irin waɗannan mace-mace, abin da akan tarar bai wuce harsashi a ɗane inda bai kamata ba, da yatsa ko wani abu a kan kunama, da baki yana kallon mutum. Kowanne daga cikinsu akwai wanda ya yi shi.

Alhakin gyara yana kan wanda ya miƙa makamin. Gwamnatin da ta ɗauki matasa ta horar da su ta ba su bindiga, wajibinta ne ta bayyana ƙa'idar ɗauka da ajiya a rubuce, da Hausa, ta yadda mai unguwa a Rawayau ko Karofi zai iya ganin jami'i ya saɓa ya kuma san inda zai kai ƙara. Shugabannin ƙananan hukumomi da ke ba ƙungiyoyin sintiri man fetur da alawus suna da ikon cewa ba za a ba kowa ba sai an ga maratayinsa. Fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi suna da sarakunan baka da shugabannin mafarauta a ƙarƙashinsu, waɗanda maganarsu ta fi takardar ofis shiga kunnen matasa. Kuma ba sai an jira kwangila daga Abuja ko kwantena daga Chaina ba. Fatar shanu mai kauri da aka jeme da bagaruwa ita ce irin wadda masu ɗinka kube a ko'ina suke nema, domin ana jiƙa ta a siffanta ta da jikin makami ta bushe ta yi tauri, kuma ba ta cin ƙarfe kamar wadda aka jeme da sinadarin masana'anta. Lallausar fatar akuya da ta yi suna har Turai ta dace da jaka da takalmi, a nan kam ba ta da wuri. Abin da dukawa ke bukata shi ne samfurin katako daidai girman makamin da za su ɗinka a kansa, da wanda zai gaya musu cewa zoben kunama ne wurin da ba a yi wa rangwame, da hukumar da za ta saya da yawa.

A barikin soja na ƙasashe da dama akwai ganga cike da yashi a bakin ƙofa. Duk wanda ya dawo daga sintiri yakan tsaya a gabanta, ya sa bakin bindigarsa a ciki, ya cire gidan harsashi, ya buɗe ya duba, wani na biyu ya sake dubawa, kafin ya wuce cikin mutane. Idan akwai harsashin da aka manta, yashi ne ke shanye shi. Kowane ofishin 'yan sintiri daga Kuki zuwa Tsauri yana iya kafa irinta kafin Juma'a mai zuwa, da tsohuwar gangar mai guda ɗaya da amalanken yashi daga kogin Karaduwa.